Hanyar Shigar Iska a Murhu da Kuɗin da Take Ci

A ƙasashen sanyi irin su Amurka da Kanada ana ɗumama ɗaki da wani murhu mai cin curarren makamashi, wato garin katako da inji ya matse ya zama ƙananan sanduna masu kaurin kimanin milimita 6, waɗanda laimarsu ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Akan haɗa murhun da wani bututun ƙarfe mai faɗin inci 2 zuwa 3, wanda ake huda bango a zura shi domin ya janyo wa wutar iska daga waje kai tsaye, kuma dokar Amurka ta wajabta sanya shi a gidajen da ake ƙerawa a masana'anta saboda ba su da kafofin shan iska. Farashinsa ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da na murhun, amma lafiyar mutanen ɗakin a kansa ta rataya.

Dalilin kuwa shi ne wuta ba ta ci sai da oksijin, wanda shi ne kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, kuma kilo ɗaya na busasshen ice yana buƙatar iskar da ta ninka nauyinsa kusan sau shida kafin ya ƙone ƙurmus. Idan iskar ta yi ƙaranci, wutar takan fitar da kabon monoksaid, guba marar launi marar wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200, sai mutum ya fara da ciwon kai da jiri, daga nan ya suma yana barci.

Wannan batu ya shafi Funtua da Malumfashi ta fuska biyu. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, gidaje da dama sukan shigar da kaskon gawayi ɗaki, su rufe ƙofa su toshe taga da tsumma, alhali gawayin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da gubar ba, kuma wannan rashin hayaƙin shi ne ke yaudarar mutane. Sannan yankin yana da arzikin totuwar masara da karan auduga da ɓuntun shinkafa, waɗanda duk ana iya cure su su zama makamashi a madadin icen da tsadarsa ke ƙaruwa, kuma tun da gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024 ake sa ran irin waɗannan murahu su yawaita. Masu tallan su sukan tsaya kan yawan icen da za a rage, ba su cika zancen inda wutar za ta samu iska ba, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020.

Gyaran bai buƙaci kayan waje ba. Magini zai iya barin kafa a ƙasan bangon madafa kusa da murhu, mai walda ya yanko guntun bututun ƙarfe, domin na roba yana narkewa, a rufe bakinsa na waje da raga saboda ɓera da ƙwari, sannan a bar wata kafar a sama wadda hayaƙi zai bi ya fita, tun da shigar iska ba ta da amfani idan babu mafita. Kuɗin duka bai wuce na guntun ƙarfe da ɗan siminti da ladan aikin yini guda ba. Kaskon gawayi kuwa babu bututun da zai sa ya dace da rufaffen ɗaki, don haka wajibi ne a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta.