A raba SSD ko a bar shi dunƙule? Tambayar masu shagon kwamfuta a Danja

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu shagunan buga takardu a Danja ke tunanin ko su raba SSD gida biyu kafin ɗora Windows 11.

Rabawa ba ta ƙara wa SSD sauri. Amfaninta shi ne, in Windows ta lalace aka goge ɓangaren C, takardun ɗalibai da lissafin dillalan tumatir da ke D suna nan daram. Sai dai a SSD mai 128GB, C kan cika da wuri, domin Windows 11 na buƙatar aƙalla 64GB.

In kuwa SSD ɗin ya mutu, C da D tare suke tafiya. Kwafin da aka adana a filashi ne zai yi ceto.