Talotalo da Ƙasar Turkiyya

Ɗalibai kan tambaye mu dalilin da ya sa ake kiran talotalo "turkey" a Turanci, sunan ƙasar Turkiyya. To, talotalo dai ba ɗan Turkiyya ba ne. Mutanen Sifen ne suka ɗauko shi daga Meziko zuwa Turai a ƙarni na 16. A lokacin, zabonmu na Afirka ne mutanen Ingila ke kira "turkey cock", domin suna ɗauka ta ƙasar Turkawa yake isa gare su. Da baƙon ya iso, aka ga yana kama da zabo, sai aka laƙaba masa sunan, ya kuwa riƙe. Zabo ya koma "guinea fowl", wato kazar Gini. Su Turkawan kuma "hindi" suke ce wa talotalo, wai tsuntsun Indiya ne!