Finafinan Leƙen Asiri a Gidajen Sinima na Kano: Yadda Yara Suka Kalle Su, Suka Kuma Sake Ƙaga Su

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ma'aikata 'yan Arewa da aiki ya kai Abuja, akwai wani rukuni na magidanta da dattawa waɗanda in hira ta yi daɗi aka taɓo zancen ƙuruciya, ba a jimawa sai an faɗa maganar sinima. Nan za a ji sunayen Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, a ji sunan James Bond da lambarsa ta 007. Abin lura shi ne, da wuya mutum biyu su dace a kan yadda wani fim ya gudana. Wani zai rantse cewa a fim ɗaya ya ga motar da ke nitsewa cikin teku da kuma mugun nan mai jifa da hula, alhali kuwa mai hular yana cikin Goldfinger ne na 1964, motar kuma tana cikin The Spy Who Loved Me na 1977.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan cakuɗewa ba mantuwar tsufa ce kawai ba. Ta samo asali ne daga yanayin kallon kansa, wato fim biyu a dare guda, cikin harshen da yaro ba ya ji, sannan kuma da al'adar ba da labarin fim washegari, inda yaron ke ɗinke abin da ya gani da zaren tatsuniyar da ya tashi da ita.

2.0 Gidan Kallon

Kafin zuwan sinimar kasuwanci, majigi Hausawa suka sani, wanda gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da shi a mota ana nunawa kyauta a ƙofar fada ko filin makaranta. Manazarci Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa an buɗe sinimar Rex a Sabon Garin Kano a 1937, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka riƙe harkar. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka halaka. Jama'a da dama sun ɗauki wannan a matsayin ishara, shi ya sa da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952, aka yi ta da tsananin adawa.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga fahimtar yaron da ake magana a kansa. A idon iyaye da malamai, sinima matattarar 'yan iska ce. Saboda haka yaro ɗan birni bai cika zuwa da izini ba. Satar jiki yake yi bayan sallar isha'i, ko ya laɓe a bayan wani yayansa, da kuɗin tikitin da ya tara daga ɗan abin da ake ba shi na tara ko na aike. Gidajen nan galibinsu ba su da rufi, sai katanga mai tsawo da allo a gaba, don haka ba a fara nuni sai duhu ya yi, kuma in ruwan sama ya sauko kowa ya san inda dare ya yi masa. Wanda bai da kuɗi kan nemi bishiya ko wani tudu ya hango rabin allo. Ke nan tun kafin a kunna na'ura yaron ya riga ya yi nasa aikin leƙen asirin: ya fita a ɓoye, ya kauce wa idon sani, kuma yana da ƙaryar da ya tanada saboda komawa gida.

Tsarin nuna fim biyu da tikiti ɗaya ya bunƙasa ne a Amurka a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, domin jawo masu kallo. Kamfanin United Artists ma ya sake fitar da Dr. No da From Russia with Love a haɗe a 1965. A nan gida kuwa, ba lallai finafinan biyu su zama jinsi ɗaya ba. Mai gidan sinima abin da ya samu daga dillali shi yake haɗawa, ko na kaboyi da na Bond, ko na Canis da na Indiya. Faifan kan iso bayan ya sha yawo a ƙasashe, ya kanƙare, an yanke an liƙa. In ya tsinke sai a yi ta fito da ihu har mai na'ura ya gyara, wani lokaci kuma ya tsallake wani yanki ba wanda ya sani. Yaro ɗan shekara goma da ya zauna awa uku ko huɗu a kan benci, ga sanyin hunturu ga gyangyaɗi, ba abin mamaki ba ne ya farka a tsakiyar fim na biyu yana zaton na farkon ne ke ci gaba.

3.0 Kallo ba da Harshe ba

A nan ne gundarin maganar yake. Fim ɗin leƙen asiri, fiye da na kaboyi ko na kokawa, a kan magana aka gina shi. A ofis ake gaya wa jarumi abin da aka sace da wanda ake zargi, a teburin caca ake yi wa juna habaici, kuma da baki mugu yake tona shirinsa kafin ya sa a kashe jarumin. Duk wannan cikin Ingilishin da ko ɗan sakandare ba ya kama rabinsa ta lasifikar da ke ƙara. Yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wanda shi ne ƙashin bayan labaran da Ian Fleming ya fara rubutawa da Casino Royale a 1953, bai shiga lissafin yaron ba sam.

To me ya rage masa? Abin da ido ke gani. Ya san jarumi, ya kuma san bos, wato babban mugu, kalmar da ta zauna daram a Hausar 'yan kallo har yau. Ya san yaran bos, kuma ya san ba a kashe bos sai a ƙarshe. Alamomi ne ke yi masa jagora: farar kyanwa a cinyar Blofeld, haƙoran ƙarfe a bakin ƙaton nan Jaws, kujerar motar Aston Martin da ke cilla mutum sama, kadojin da Roger Moore ya taka bayansu ya tsere a Live and Let Die na 1973. Sauran kuma, wato dalilin da ya sa aka yi duk wannan, shi yake cikewa da kansa.

Da me yake cikewa? Da abin da ke rumbunsa. Jarumin da ke shiga gidan abokin gaba da sunan ƙarya, a kama shi a ɗaure, ya kuɓuta da dabara, ba baƙo ba ne ga wanda ya sha tatsuniyar Gizo. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a firamare ya san matafiyin da ke sauya kama gari gari, yana cin nasara da wayo. Kayan aikin da tsoho Q ke miƙa wa Bond kafin tafiya, agogo da alƙalami da jaka, matsayinsu ɗaya da guru da laya da boka ko malami ke ba mai fita fama. An san za a shiga uku, an kuma san ɗayansu zai yi rana. Layar zana da baduhu da sagau sun riga Q zuwa ƙasar Hausa. Bambancin da ke akwai shi ne Gizo don cikinsa yake yi, shi kuwa Bond wai don Sarauniya, amma wannan bambanci ne da ke cikin magana, maganar kuwa ba a ji ta ba.

Washegari, a makarantar boko lokacin tara, ko a dandali da dare, wanda ya je sinima ya zama mai riwaya. Yara biyar ko goma da ba su samu zuwa ba za su kewaye shi. Zai kwaikwayi ƙarar bindiga da kiɗan fim da baki, ya sa wa jarumi da bos kalaman Hausa waɗanda ba su taɓa faɗa ba, ya cusa kirari da zagi inda ya ga sun dace. In fim na farko ya fi kyau a farko, na biyu ya fi kyau a ƙarshe, ba abin da zai hana shi ya haɗe su. Masu sauraro kuma su ɗauka su kai gaba. Ta haka yara da yawa suka san Bond ba tare da sun taɓa ganinsa a allo ba, kuma bayan shekara arba'in wasunsu ba za su iya bambance wanda suka gani da wanda aka ba su labari ba.

Ya kamata a ƙara da cewa ɗan leƙen asirin ba Bature ba ne kullum. Indiyawa sun yi nasu: Farz na 1967 da Jeetendra, Ankhen na 1968 da Dharmendra, da Surakksha na 1979 inda Mithun Chakraborty ya fito a matsayin Gunmaster G-9. Waɗannan sun fi kusa da zuciyar Bahaushe, domin jaruminsu yana da uwa da ƙanwa, yana jin kunya, yana kuma tsayawa ya yi waƙa. Ko Enter the Dragon na 1973, da ake ɗauka fim ɗin faɗa ne zalla, labarinsa na leƙen asiri ne, don jami'in Ingila ne ya tura Bruce Lee tsibirin Han ya gano abin da ake ɓoyewa. Larkin ya kawo laƙabin da 'yan kallo suka ba Sanjay Dutt, wato Ɗan Daba Mai Lasin. Ko da gangan ko ba da gangan ba, da wuya a sami fassarar da ta fi wannan dacewa da lasin kisa da gwamnatin Ingila ta ba 007.

4.0 Daga Allo zuwa Takarda

Waɗannan yara sun girma a lokacin da leƙen asiri ya bar allo ya shigo labaran rediyo. Kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ya sa aka kafa hukumar tsaro ta NSO a wannan shekara, wadda aka raba gida uku a 1986. A watan Yuli na 1984 aka tsinci Alhaji Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted na Ingila, lamarin da ko marubucin fim sai ya yi da gaske kafin ya ƙago irinsa.

Masu karatu daga cikinsu sun bi ta kan mujallar hotuna ta African Film, mai ɗauke da Lance Spearman, zuwa littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters. Ba za a ce sinima kaɗai ta haifi labarin ban tsoro da bin sawu a rubutaccen adabin Hausa ba, amma wanda ya karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin littattafan gasa da aka wallafa a 1982, zai ga maɓoyar 'yan ta'adda da tarin makamai da shugaba mai yara, zubin da ya fi kama da na allo fiye da na Ganɗoki. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito daga wannan gasa, shi ma a kan fasa-ƙwauri da binciken jami'ai aka gina shi. Wannan fage ne da manazarta adabi ba su ba shi haƙƙinsa ba, wataƙila saboda tasirin finafinan Indiya a kan littattafan soyayya ya janye hankalin kowa.

5.0 Mutuwar Gidajen

Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu mallakar gidajen sinima. A 1981 kamfanonin Amurka suka dakatar da aiko da finafinai Nijeriya, faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sayo faifai ya gagara, bidiyo kuma ya shiga ɗakuna. Lokacin da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin ya riga ya juya, saboda haka birnin bai yi rayuwa da irin wannan kallo ba. Gidajen sinimar da ya samu daga baya, irin su Silverbird, a cikin manyan kantuna suke, ga rufi ga na'urar sanyi, tikiti ɗaya fim ɗaya, kuma uba ne ke kai 'ya'yansa da rana tsaka.

Mai riwayar dandali kuwa bai mutu ba, sana'a ya zama. Kamfanoni irin su Algaita a Kano suna ɗora muryoyin Hausa a kan finafinan Indiya da na wasu ƙasashe, da karin magana da barkwanci da kirarin da babu su a asalin fim ɗin. A Nyanya da Mararaba da Gwagwa, matasa kan biya kuɗi kaɗan a shagunan tura finafinai a zuba musu su a waya, kowa ya kalli nasa shi kaɗai da abin ji a kunne.