Gubar gyaɗa: dalilin da ya sa bincike ba ya cika sai an ji ta bakin mata

Ƴan uwa manoma maza da mata, kaka ta yi, gyaɗa ta shigo gida. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, gyaɗa, wadda wasu ke ce wa gujiya, abinci ce kuma dukiya ce. Amma akwai wata guba da ke ɓoye cikinta idan ba ta bushe da kyau ba. Masana suna kiran ta aflatoksin. Fumfuna ce ke haifar da ita, irin wadda ke kama gyaɗa da masara idan sun sha danshi, ko gara ta huda su, ko fari ya same su gab da ƙarshen damina. Ido ba ya ganin gubar. Dahuwa da suya ba su kashe ta.

An gano ta a shekara ta 1960 a ƙasar Ingila, bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu saboda sun ci tunkuzar gyaɗa. Tun daga lokacin ake bincike a kanta. Abin da binciken ya koyar shi ne, gubar ba ta shafar namiji da mace ta hanya guda. Dalilai biyu ne: halittar jiki da rabon aiki.

Bambancin halittar jiki

Hanta ce gubar ta fi yi wa lahani. A shekara ta 2004, a gabashin ƙasar Keniya, mutum 317 sun kamu da ciwo bayan sun ci masarar da ta yi fumfuna, 125 daga cikinsu suka rasu. Da likitoci suka rarrabe lissafin, sai suka ga maza sun fi mutuwa, ko da yake yawan masarar da suka ci bai fi na mata ba. Haka kuma, a duniya baki ɗaya, sankarar hanta ta fi kama maza. Mutumin da ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, idan ya daɗe yana cin wannan guba, haɗarinsa yana ninkuwa sau da yawa.

Ita kuwa mace, haɗarinta ya shafi rai biyu. Gubar tana ratsawa daga jinin uwa zuwa ga ɗan da ke cikinta. A ƙasar Gambiya, wani bincike da aka bayyana a shekara ta 2007 ya nuna cewa matan da gubar ta yi yawa a jininsu lokacin goyon ciki, jariransu sun fi jinkirin girma a shekarar farko. A Benin da Togo, a wani bincike da aka bayyana a shekara ta 2002, an auna jinin yara 480, aka tarar da gubar a jikin kusan dukkansu. Waɗanda aka yaye sun fi waɗanda ke shan nono yawan guba. Saboda haka kada uwa ta daina shayarwa don tsoro. Nono ya fi kunun da aka dama da gurɓatacciyar gyaɗa nesa ba kusa ba.

Da an haɗa lissafin maza da na mata wuri guda, da ba a ga wasu daga cikin waɗannan abubuwa ba.

Bambancin rabon aiki

Mu dawo gida. Idan mai bincike ya iso ƙauye, wa yake tararwa? Maigari da magidanta, a ƙofar gida ko a gindin bishiya. Zai tambayi maigida buhu nawa ya samu a gandu, da yadda ya ajiye su. Maigida zai ba shi amsa ta gaskiya. Amma labarin gyaɗa bai ƙare a nan ba.

Mace ce ke ɓare gyaɗa, ita ke tsince ta, ita ke soya ta, ta kai niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Mata da yawa suna da tasu gyaɗar ta gamana, wadda ba ta shiga lissafin gandu. Ita ce ta san inda yanƙwanannun ƙwayoyi da masu baƙi-baƙi suke zuwa. Sau da yawa mai kyau takan tafi kasuwa, ragowar ta zauna a gida, ta shiga miya, ko kunun yara, ko a bai wa awaki. Idan aka matse mai, mafi yawan gubar a cikin tunkuza take zama, kuma da tunkuzar ake yin ƙuli-ƙuli. Dabbar da ta ci gurɓataccen abinci, gubar takan fito cikin nononta.

To, mai binciken da ya auna buhun kasuwa kaɗai, zai koma da labarin cewa gyaɗar garin lafiya lau take, alhali abin da ke cikin tukunya bai gan shi ba. Wannan ya sa bincike nagari yake buƙatar mata ma'aikata da za su shiga cikin gida, su zauna da matan, a lokacin da aiki ya yi musu sauƙi. Kuma idan an gama, a kai horo ga wadda ke yin aikin da hannunta.

Abin da za mu iya yi

Maganin ba mai tsada ba ne. A ƙasar Gine, a wani gwaji da aka bayyana a shekara ta 2005 cikin ƙauyuka 20, an koya wa manoman rabin ƙauyukan wasu dabaru masu sauƙi na shanya da ajiya. Bayan wata biyar, gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta sauran ba. Ga irin dabarun da suka dace da mu:

A cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta ta daɗe cikin ƙasa.

A shanya ta bisa tabarma, ba a ƙasa tsura ba, har sai ƙwayar ta yi ƙara idan an girgiza ɓawon.

A tsince ruɓaɓɓu da yanƙwanannu da masu ɗaci, a binne su ko a ƙone. Kada a bai wa yaro, kada a bai wa dabba.

A ɗora buhuna bisa itace, nesa da bango, a ɗakin da iska ke shiga.

A kai jarirai allurar rigakafi, domin a cikinta akwai ta ciwon hanta nau'in B.

Magidanta, tsintar gyaɗa aiki ne mai cin lokaci, kuma zubar da marar kyau asara ce ga mai sana'ar mai. Ku taimaka da hannu, ku sa matasa, kada ku ga laifin matar da ta zubar da tiya guda don lafiyar gida. Idan malaman gona ko masu bincike na INRAN suka zo garinku, ku ba iyalinku izinin yin magana da su.

Ku kuma iyaye mata, kada kunya ta hana ku faɗin yadda kuke aikinku. Abin da kuka sani a bakin turmi da murhu, shi masu bincike suke nema. Ku karanta wannan shafi a cibiyar yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabtan da ba su samu zuwa ba.