Kafet ɗin da jaririnki ke rarrafe a kai

Duk ranar Lahadi da kasuwar Illela ta cika, za ki tarar da kafet a nannaɗe, wasu a rataye jikin rumfuna, na Turkiyya da na China da waɗanda ake cewa 'yan Dubai. Da yawansu ta Birnin Konni suke shigowa, shi ya sa duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, iyaye masu haɗa kayan ɗakin amarya suke ji a jikinsu. Abin da aka saya da tsada haka ya cancanci kulawa. Amma ni dalilina na daban ne. Babba yana taka kafet ya wuce, shi kuwa ɗan wata takwas a kansa yake wuni, hancinsa dab da zaren, hannunsa daga kafet sai baki.

Matsalar kafet a wannan yankin namu kashi biyu ce, kuma kowacce da lokacinta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke kawo ƙura mai laushi kamar garin fulawa, wadda ke shigewa can ƙasan zare inda tsintsiya ba ta kaiwa. Idan damina ta kankama a Yuli da Agusta sai lema ta karɓa. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna rayuwa cikin katifa da kafet suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu. Ba sa cizo, kashinsu ne ke tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido. Bushewar hunturu tana rage su, danshin damina yana raya su, tare da fumfuna.

Shara da busasshiyar tsintsiya a ɗaki rufe tayar da ƙura kawai take yi, ta yi yawo ta sake sauka inda ta taso. Wadda ke da injin zuƙar ƙura ta yi amfani da shi sau biyu a mako idan an samu wuta, sama da kuma bayan kafet ɗin. Wadda ba ta da shi ta fitar da kafet tsakar gida, ta rataya a igiya ko katanga fuskarsa na kallon ƙasa, ta buga bayansa da sanda. Ki sa takunkumi, ki tsaya ta inda iska ke tahowa, yara kuma su yi nesa. Kafin ki mayar, ki goge dandamalin da jiƙaƙƙen tsumma ki bari ya bushe. Hana shiga da takalmi kaɗai yana rage rabin aikin.

Inda na fi son mu tsaya shi ne fitsarin yara, don nan ne ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Da zarar ya zuba, ki ɗora tsohon tawul ki taka da ƙafa ya tsotse, kada ki goga, gugar tana tura shi ciki ne. Sai ki zuba ruwan sanyi kaɗan ki sake tsotsewa, sau biyu ko uku. Bayan haka ki haɗa ruwan khal fari da ruwa daidai wa daida, ki shafa, ki ba shi minti goma, sannan ki ɗauraye da ruwa zalla. Wannan ɗauraya ta ƙarshe tana da muhimmanci musamman idan ana shimfiɗa darduma a wurin don salla. Ki ɗaga gefen ki sa kujera 'yar tsuguno a ƙasa, iska ta ratsa ta sama da ƙasa.

Hypo ko Jik kada su kusanci wurin. Bilic idan ya haɗu da fitsari yana fitar da iska mai ƙona ido da maƙogwaro, idan kuma ya haɗu da ruwan khal abin ya fi muni. Ga shi yana cinye launi. Ita ma kanwa da wasu ke jiƙawa tana lalata zaren ulu. Turaren wuta kuwa, duk da son da muke yi masa, rufe wari yake yi na ɗan lokaci, zarnin yana nan a ƙasa yana jiran zafin rana.

Sauran tabo ba su da wuya. Jini ruwan sanyi yake so, na zafi dafa shi yake yi ya kama. Manja ko man miya, ki barbaɗa garin sitaci ya kwana, ki share, sannan ki bi da ɗigon sabulun wanke-wanke. Fura da nono ki yi musu gaggawa kafin su yi tsami. Lalle dai idan ya zauna ya zauna, sai ki juya gefen zuwa ƙarƙashin kujera.

Babban wanki kuwa, a Illela da cikin Sakkwato yawanci wurin masu wankin mota ake kaiwa, su shimfiɗa a siminti su zuba omo su bi da buroshi da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Ga kafet na roba, wanda shi ne mafi yawa a kasuwanninmu, wannan yana yi. Ga na ulu ko mai ƙyalli kamar siliki, injin yana iya tsinka zare, launi ya zuba cikin juna. Don ki san irin naki, ki yanko ɗan zare daga gefe ki ƙona da ashana a waje: na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri, na ulu warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka. Ki kuma danna jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan ja ko shuɗin wurin. Idan ya ɗauko launi, ki gaya wa mai wankin tun kafin ya jiƙa.

Maigida ko yaron da za ki aika, ki ba shi saƙo ƙarara. A kakkaɓe ƙurar tukuna kafin a sa ruwa, in ba haka ba taɓo za ta zama a gindin zare. A ɗauraye har kumfa ta ƙare, don ragowar omo yana sa ƙaiƙayi a gwiwa da cikin jariri, yana kuma janyo sabon datti da wuri. Sannan kada a naɗe sai ya bushe ƙarau har bayansa. Ki tura yatsa can ƙasan zaren da kanki, idan kin ji sanyi ki shanya shi wata rana guda. Kafet da aka shimfiɗa da danshi yana iya fara fumfuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A ganina mako biyun ƙarshe kafin Salla shi ne mafi munin lokacin kai wanki, don layi yana da tsawo, kowa na gaggawa, ana sallamar kaya da lema. Watan Maris da Afrilu, bayan ƙura ta lafa, lokacin da zafin Illela ke haura digiri 40, sun fi dacewa. A shanya shi a kife don kada rana ta kashe launi.

Akwai abu ɗaya da ke sa gabanmu faɗuwa a wurin aiki: yaro da aka kawo yana dalalar miyau, yana amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi da ƙyar, sai a binciko an fesa wa kafet ota-fiya-fiya ko Sniper saboda kuɗin cizo ko ƙuma. Wannan maganin na gona ne, yana shiga jiki ta fata da ta numfashi, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Idan hakan ta faru, ki cire wa yaron kaya, ki wanke jikinsa da ruwa da sabulu, ki ɗauki kwalbar ku tafi asibiti nan take. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan. Kuɗin cizo a kafet, zafin ranar bazara na kwana biyu zuwa uku tare da kakkaɓa ya fi aminci, sai dai a duba gado da tsagun bango, don can ne gidansu.

Uwar da ɗanta ke yawan tarin dare ko numfashinsa ke yin fito, ta gwada ɗauke kafet daga ɗakin kwana na wata guda, ta bar tayil ko leda da ake gogewa kullum, ta ga ko za a samu sauƙi. Idan kuwa haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko numfashin ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50 a minti ɗaya, ko na ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, wannan ya wuce maganar kafet, asibiti za a je a ranar.

Wanda za ki ajiye, ki naɗe shi maimakon ninkewa, ki lulluɓe da tsohon zani a madadin leda mai riƙe gumi, ki ɗora shi kan benci nesa da ƙasa saboda gara.