Lissafin Mai Niyyar Ƙaura Zuwa Ƙaraye Ko Rogo

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, zaman birnin Kano ya yi nauyi, har wasu almajiraina biyu suka zo mini da shawarar komawa Ƙaraye ko Rogo.

Lalle haya a can da sauƙi, ga hatsi kusa. Amma kada mutum ya hangi madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, ya zaci ruwa zai biyo shi har zaure. Sau da yawa maigida shi ke haƙa rijiyarsa, ko ya saya wajen 'yan garuwa. Wutar lantarki kuwa ba ta sallama in za ta tafi. Mai injin niƙa ya ƙidaya kuɗin mai tun yanzu.

Falken da cinikinsa ke Kantin Kwari, abin da ya rage na haya kuɗin mota zai cinye. Malami ya sani da damina yara suna gona, karatu sai asuba da dare.

Na ce musu su je su yi damina guda tukuna, kada su sayar da gidajensu.