Ƙwaron Da Ke Cin Albasa A Ɓoye

Ƴan'uwa manoma, tun farkon shekarun 1980 aka gyara fadamar Jiratawa don noman rani. Fili ne mai hekta fiye da 500 a kwarin Gulbin Maraɗi. Albasa na cikin abin da ake nomawa. Amma tana da wani maƙiyi ƙarami, wanda malaman gona ke kira tirips.

Tsawonsa bai fi milimita 1 ko 2 ba. Yana ɓuya a wuyan albasa, tsakanin ganye. Yana huda ganyen ya tsotse ruwansa. Sai ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, ya lanƙwashe, ya bushe. Idan ganye ya lalace, kan albasa ba zai yi girma ba. Wahala ta tafi banza.

Ƙwaron nan yana son zafi da bushewa. Don haka ya fi yawa daga Fabrairu zuwa Afirilu. Cikin sati 2 ko 3 ƙwai ya zama babba. Wanda ya dasa da wuri ya rage asara.

Me za mu yi?

Da farko, kowane sati a buɗa wuyan albasa a duba. A cire ciyawa. Kada a bar fangali da ƙishirwa.

Na biyu, ga bedi a ƙofar gida. A daka busassun ƴaƴansa rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana. A tace, a sa sabulu kaɗan, a fesa da maraice. A sake bayan sati guda.

Na uku, idan ƙwari sun yi yawa, a nemi shawarar malamin gona kafin a sayi magani. A guji maganin kasuwa marar takarda. A bi awon da aka rubuta, kada a ƙara. Ruwan magani ya shiga har cikin wuyan albasa. Kada a riƙa fesa iri ɗaya kullum, don ƙwaron zai saba da shi, ya daina kashe shi. Har manoman Turai sun gamu da wannan matsala.

Maganin ƙwari guba ne. Mai fesawa ya rufe hanci da baki, ya sa doguwar riga da takalmi. Kada ya fesa cikin iska ko tsakar rana. Kada a wanke famfo inda mutane da dabbobi ke sha. Kada a zuba mai ko nono cikin kwalbar magani. A jira kwanakin da takarda ta faɗa kafin a tsige albasa. Makiyaya, ku nisanta bisashe da fangalin da aka fesa.

Kun ga amfanin karatu. Wanda ya iya karanta lamba ba zai ɓata awo ba. Ku karanta wa maƙwabtanku wannan labari. Allah ya ba mu rani mai albarka.